Zuciya Biyu a Ƙofar Kanti

Akwai wani hali da yakan sami matafiyi wanda ba mu cika yin maganarsa ba, wataƙila domin kunya. Mutum ya bar ƙauyensu ya shiga babban birni, rana ta dafa shi, ƙura ta rufe shi, sai ya faɗa wani wuri mai sanyi da haske da tsabta, irin wanda aka gina bisa tsarin Turai da Amurka. Nan take jikinsa ya yi murna. Amma kafin gumi ya bushe sai wani abu ya tokare masa rai, kamar wanda ya ci abin da ba rabonsa ba. Ya ji daɗi, ya kuma ji nauyin jin daɗin. Abin da muke so mu duba tare shi ne, cikin waɗannan biyu wanne ne yake faɗa mana gaskiya.

Cikin watan Afrilu na 2018, tsakiyar bazara, mun raka wani dattijo manomi, mutumin Sakajiki ta ƙasar Kaura Namoda, zuwa Kano domin a duba masa ido. Mun tashi da asuba, muka bi ta Gusau da Tsafe da Funtuwa, muka ratsa Malumfashi da Gwarzo, ba mu shiga birni ba sai da rana ta take. Da aka gama da likita, ɗansa da ke tare da mu ya nace lalle sai Baba ya ga katafaren kantin nan na titin Gidan Zu, watau Ado Bayero Mall, wanda aka buɗe a 2014. A lokacin, babban shagon da ke cikinsa shi ne Shoprite, kamfanin da ya samo asali daga Afirka ta Kudu.

Ba za mu ɓoye muku ba, da muka tsallaka ƙofar, sanyin wurin ya ratsa mu har ƙashi, muka yi ajiyar zuciya. Daɓe yana ƙyalli, kaya jere a kan kanta kowanne da kuɗinsa a rubuce, ga ƙamshin burodi mai zafi, ga tuffa da inabi, ga makewayi da ruwan famfo yana zuba. Dattijon ya sami benci ya zauna, ya tuɓe hula ya ɗora a gwiwa, ya yi hamdala. Muka sayo ruwan gora mai sanyi, ya sha rabi ya riƙe sauran. Can ya dube mu ya ce, "Fada, shin wanga sanyi duka, wa ka biyan kuɗɗinai?" Muka yi dariya muka ce, "Baba, ai masu saye ne." Ya yi shiru, alamar amsar ba ta ishe shi ba.

Da muka fito, zafi ya mare mu. A bakin titi ga yara da kwanonin bara, ga mata suna tallar ruwan leda, ga masu Keke Napep suna jiran fasinja cikin rana. Ba mu ga wanda ya kore su daga ƙofar ba. Su da kansu sun san iyakarsu. A nan ne ledar da ke hannunmu ta yi mana nauyi.

Bari mu fara da daɗin, gama shi ne masu wa'azi suka fi saurin yi wa hukunci. Mu dai ba mu ga laifinsa ba. Hausawa sun ce rai dangin goro ne, hutu yake so, kuma wanda ya halicci jiki bai halicce shi domin azaba ba. Tsohon da ya yi shekara saba'in yana noma gero a ƙasar da rana take ƙona tafin ƙafa, in ya sami inuwa mai sanyi ya yi hamdala, hamdalarsa karɓaɓɓiya ce. Wanda yake ganin kayan zamani duk ɓata tarbiyya ne, ya je ya tambayi matar da injin niƙa ya raba ta da dutsen niƙa, ko ma'aikacin asibitin ƙauye da firji mai aiki da hasken rana yake adana masa allurar rigakafi. Mu mutanen Zamfara ma an koya mana wannan darasi da ƙarfi. A watan Satumba na 2021, lokacin da hukuma ta rufe layukan waya a jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma dakatar da kasuwannin mako, mun ga yadda rayuwa ta tsaya. Ɗa yana Legas ba ya iya aiko wa uwarsa kuɗi, ba ya ma iya sanin ko tana da rai. Wasu sukan yi doguwar tafiya zuwa wata jiha domin kawai su buga waya. A makonnin nan ba mu ji wanda ya ce wayar hannu baƙuwar al'ada ce ba.

To, in daɗin ba laifi ba ne, daga ina nauyin zuciyar ya fito? Amsar da takan fara zuwa bakinmu ita ce, abin ba namu ba ne, na Turawa ne, ya zo ya ɓata mana gari. Wannan amsa tana da daɗin faɗi, amma tarihi ba ya goyon bayanta sosai.

A shekarar 1824 wani Bature ɗan Sikotlan, Hugh Clapperton, ya iso Kano bayan ya ƙetare hamada daga Tarabulus. Ya shiga Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yana tsammanin ya yi nisa da duk abin da ya sani. Sai ga laima ta koren yadi, ƙirar Ingila, a hannun ɗan kasuwa. Ya yi mamaki, ya kuma saya da dalar Sifen uku. Daga nan ya kama hanyar Sakkwato domin ganin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a wannan tafiya ya ratsa ta Zurmi, nan kusa da mu. Bayansa, a 1851, Heinrich Barth na Jamus ya tarar da yadin Manchester da takarda da allurai da ruwan takobi na Turai a wannan kasuwa. Watau tun kafin Turawan mulki su ci Kano a 1903, kakanninmu suna saye suna sayar da kayan ƙetare, ba su kuwa daina zama Hausawa ba.

Mu dawo gida. Layin dogo ya iso Kaura Namoda a 1929, nan ne kuma ya tsaya. An shimfiɗa shi domin kwasar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku, amma jirgin da ya tafi da buhuna bai dawo wayam ba. Kamfanoni irin su UAC da John Holt suka kafa kantuna a garuruwan bakin dogo, kananzir da sabulu da sukari da atamfa da kwanonin sha masu fure suka shiga ƙauyuka. Kwanonin da kakanninmu mata suka jera a ɗakin amarya, waɗanda yau muke kira kayan gargajiya, a zamaninsu su ne sabon yayi, kuma babu shakka an sami tsohon da ya yi tsaki ya ce an raina ƙwarya. Ita kanta gyaɗar, da masara da rogo da tumatir da barkono, duk daga nahiyar Amurka aka kawo su. Mai shayi da burodi da ke bakin tasha, wa zai ce masa yau baƙo ne? In za mu tsame duk abin da ya zo daga waje, tukunyar miyarmu za ta koma fara.

Akwai ƙasar da wannan tambaya ta fi tsananta a cikinta, ƙasar da kuma mu Hausawa muke ganin mun sani ko da ba mu taɓa zuwa ba, watau Indiya. Mun san ta a majigi da bidiyo, ƙasar furanni da duwatsu da waƙa, da talaka mai mutunci wanda yake yin nasara a ƙarshen fim. Yanzu kuwa mutanenmu da yawa suna zuwa can neman magani, Delhi ko Chennai ko Bangalor, su dawo suna cewa ba Indiyar da suka sani ba ce: manyan kantuna, gidajen cin abinci na Amurka, matasa cikin wandon jins. Turawa masu yawon buɗe ido sun fi mu wannan kuka. Sukan tafi neman waliyyai da tsohuwar hikima, su ga alamar McDonald's a kan titi su ce an lalata ƙasa. Amma in ciki ya ɓaci, ko zafi ya yi yawa, can ɗin dai suke shiga neman sanyi da makewayi mai tsabta, sa'an nan su fito su ci gaba da kukan.

Yadda abin ya faru sananne ne. Indiya ta daɗe tana tsare kasuwarta, har kamfanin Coca-Cola ya bar ƙasar a 1977, 'yan ƙasa suka yi nasu lemon mai suna Thums Up. A 1991, da kuɗin ƙetare suka kusa ƙare wa gwamnati, Firayim Minista Narasimha Rao da ministan kuɗinsa Manmohan Singh suka buɗe ƙofa. Coca-Cola ya dawo a 1993, ya kuma saye Thums Up ɗin. A 1995 KFC ya buɗe shagon soyayyar kaza a Bangalor. A 1996 McDonald's ya buɗe a Delhi, ba naman sa ba naman alade, domin Hindu ba ya cin na fari, Musulmi ba ya cin na biyu. Kun ga ke nan baƙon ma sai da ya rusuna ya gai da masu gida.

Amma ranar 30 ga Janairu 1996, ranar da ake tunawa da kisan Mahatma Gandhi, manoman jihar Karnataka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Nanjundaswamy, suka afka wa shagon KFC na Bangalor suka farfasa shi. Ba mu yaba fashe-fashe ba. Abin da muke so a lura da shi shi ne bambancin da ke tsakanin fushin manomin nan da tsakin ɗan yawon buɗe ido, ko da yake shago ɗaya suke duba. Manomi yana tsoron manyan kamfanoni za su mallake iri da kiwo da kasuwa, su bar shi ba abin yi. Abincin 'ya'yansa yake karewa. Shi kuwa baƙon, hoton da ya zo da shi a ka ne aka ɓata masa. Yana so mutanen ƙasar su zauna yadda ya zana su, cikin talauci mai ban sha'awa, shi kuwa tikitin komawarsa yana aljihu. Irin wannan baƙin ciki, in an tone shi, son kai ne ya yafa mayafin tausayi.

Kada mu yi saurin nuna Bature da yatsa. Mu ma da muka yi karatu, har da mu firistoci, muna da wannan ciwo. Mukan je ƙauye mu yabi bukka da fitilar aci-bal-bal da ruwan randa, mu ce a nan ne rayuwa ta gaskiya take, kafin magariba kuwa mun koma gidan da yake da janareto. Mukan yi wa matasa faɗa a kan son waya mai tsada, alhali tamu tana cikin aljihun riga. Talaka yana jinmu, yana kuma ganinmu. In za a yabi sauƙin rayuwa, wanda ya zaɓe ta da kansa ne yake da bakin yabo. Wanda aka ɗora masa ita dole, sunanta a wurinsa rashi.

Duk da haka, bayan mun cire ƙyamar baƙon abu, mun cire son hoto, nauyin nan bai tafi duka ba. Akwai saura, kuma sauran nan ne muke ganin muryar lamiri ce.

Kashi na fari na sauran yana bakin ƙofa. Kun san misalin da Ubangijinmu ya bayar a Bisharar Luka, sura 16, na mai arziki da Li'azaru. In kun karanta da kyau za ku ga ba a ce mai arzikin ya yi sata ba, ba a ce ya zagi Li'azaru ko ya sa an kore shi ba. Tufafinsa da abincinsa ma ba su ne aka kama shi da su ba. Abin da ya faru shi ne, akwai ƙofa tsakaninsu, yana shiga yana fita ta wannan ƙofa kullum, har idonsa ya daina ganin wanda ke kwance a wurin. Babban kanti na zamani an gina shi ne domin ya taimake mu mu daina gani. Ba taga, ba ƙura, ba mabaraci, ba rana da za ta nuna maka lokaci ya tafi. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, yadda muka san ta, ba haka take ba. A can attajirin da ya zo sayen shanu da tsohuwar da ta kawo daddawa da makaho da ɗan jagoransa duk ƙura ɗaya suke shaƙa. Ba mu ce kasuwarmu aljanna ce ba, gama akwai mudun da aka bubbuga gindinsa, akwai algus, akwai dillalin da yake cin baƙo. Rubutaccen farashi ma wani irin adalci ne, tun da yaro da babba kuɗi ɗaya za su biya. Amma a kasuwa sai ka yi sallama kafin ka taya, a yi maka gyara, in ba ka da shi yau a ce ka kawo mako mai zuwa. A kanti ba mai ba ka bashi domin ya san mahaifinka.

Kashi na biyu ya fi ɓoyuwa, domin ba a birni yake bayyana ba sai an koma gida. Waliyyi Agustin, ɗan Afirka, bishof na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya rarrabe tsakanin abin da ake amfani da shi da abin da ake kafa zuciya a kansa. Misalin da ya kawo kuwa na matafiya ne: mutanen da suke hanyar komawa garinsu, sai daɗin abin hawa da kyan hanya suka ɗauke musu hankali, har suka manta inda za su. Sanyin kanti abin hawa ne. Ka huta a cikinsa, ka gode, ka tashi. Haɗarin shi ne ya zama ma'aunin da za ka riƙa auna kome da shi. Mun ga samarin da suka je cin rani Kano ko Abuja, suka dawo tuwon uwarsu ya daina yi musu daɗi, ɗakin da aka haife su ya zama abin kunya. Ba su ƙaru da kome a aljihu ba, abin da suka ƙaru da shi raini ne. Kwaɗayi kuwa, an ce, mabuɗin wahala, kuma a ƙasar da bindiga ta yi araha, saurayin da ya koyi raina abin da yake da shi, bai kuma sami hanyar halal ta samun abin da ya gani ba, kowa ya san masu jiransa a daji. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya taɓo wannan a wasiƙarsa ta 1991, Centesimus Annus, shekarar da Indiya ta buɗe kasuwarta. Bai hana mutum neman kyautata rayuwarsa ba. Abin da ya yi kashedi a kai shi ne rayuwar da ake auna darajar mutum da abin da ya tara.

Saboda haka in nauyin nan ya zo mana, kada mu kore shi da cewa ai kuɗinmu ne, kada kuma mu bar shi ya zama ƙyamar kayan da ba su yi mana laifi ba. Mu tambaye shi abin da yake nunawa. In hotonmu ne aka ɓata, mu yi wa kanmu dariya mu wuce. In kuwa yaron bakin titi yake nuna mana, to, aiki ya same mu, kuma aikin ya wuce jefa masa canjin da ya rage. Ya haɗa da albashin da muke biyan mai yi mana aiki a gida, da yadda muke taya kayan tsohuwa a kasuwa har mu karya mata jari alhali a kanti mun biya ba musu, da kuɗin makarantar ɗan maƙwabci, da abin da muke tambayar masu neman ƙuri'armu game da wuta da ruwa da asibitin ƙauye. Gama sanyin da dattijon nan ya ji bai kamata ya zama abin da sai an yi tafiyar yini guda kafin a ɗanɗana ba.

Tambayarsa kuwa, ta wa ke biyan kuɗin sanyin, lokaci ya amsa ta fiye da yadda muka amsa. Kamfanin na Afirka ta Kudu ya sayar da harkarsa ta Nijeriya ga 'yan kasuwar ƙasa a 2021. A 2023 aka janye tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi, masu tura kwandon saye suka ragu. A watan Janairu na 2024 aka rufe Shoprite na Kano. Kurmi da Kantin Kwari da Sabon Gari suna nan suna ci.

Mun kai wa dattijon wannan labari da kanmu. A lokacin ya bar gonarsa saboda rashin tsaro, yana zaune wurin ɗansa a cikin Kaura. Mun ɗauka zai ce dama ya faɗa. Sai ya tambaye mu yaran nan masu karɓar kuɗi, waɗanda suka gaishe shi da ladabi, ina za su sami wani aiki. Sa'an nan ya ce ya so a ce ya kai tsohuwarsa ta ga wurin ko sau ɗaya, ta zauna a bencin nan. Gorar ruwan da muka saya masa tana nan rataye a ƙusa a zaurensa, an ɗaura mata igiya a wuya. Da ita yake zuwa gona kafin a hana su noma.